FASHIN BAƘI: Fumfuna a ɗakunan karatu, daga jikin takarda zuwa huhun mai karatu

Manomin Beli, a ƙaramar hukumar Rogo ta Jihar Kano, ba ya bukatar a yi masa bayanin fumfuna. Ya san abin da ke samun masarar da aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba, ya san launin da take komawa, ya kuma san warinta. Dangin wannan halitta da ke ɓata masara da gyaɗa a rumbu su ne ke cin littafin da ke cikin akwatin malam a zaure, da rajistar makarantar firamare, da fayilolin ma'adanar tarihi a Kaduna. Ƙwayoyin irinta kuwa a iskar ɗaki suke yawo, duk wanda ya zauna karatu a ciki yana shaƙar su. Saboda haka maganar fumfuna a laburare magana ce ta lafiyar mutane da ta adana tarihi, kuma tushenta guda ne: ruwan da ya shiga gini aka bar shi.

Mece ce fumfuna?

Fumfuna halitta ce mai rai daga dangin da masana suka ware daban da tsirrai da dabbobi. A dangin nan ne laimar kwaɗi da yis ɗin da ke tayar da burodi suke. Ba ta haɗa abincinta da hasken rana kamar tsiro. Tana miƙa siraran zaruruwa cikin abin da ta hau, ta fitar da sinadarin da ke narkar da shi, sannan ta tsotse. Fari ko kore ko baƙin da ido ke gani a bayan littafi kan ta ne kawai, jikinta yana can cikin takardar.

Tana yaɗuwa ne ta ƙwayoyin iri masu tsananin ƙanƙanta. Na wasu nau'o'in ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 1,000 na milimita ɗaya ba, wato sai a jera fiye da 20 kafin su kai kaurin silin gashin kai. Rashin nauyinsu ne ke sa su daɗe a iska, ƙanƙantarsu kuma ke ba su damar wucewa har cikin huhu. Babu ɗakin da babu su. Suna shiga ta taga da ƙofa, suna maƙale wa tufafi da takalma, kuma suna iya kwanciya cikin ƙura tsawon lokaci suna jiran laima.

Nau'o'in da aka fi samu a iskar ɗakunan karatu a sassan duniya su ne Asfajilas da Fenisiliyam da Kiladosforiyam. Wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Pier Antonio Micheli, shi ya raɗa wa Asfajilas suna a 1729. Daga Fenisiliyam ne Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin a 1928, lokacin da ƙwayar irinta ta faɗa cikin farantin gwajinsa a Landan. Wani nau'in Asfajilas kuma shi ke samar da gubar afalatoksin a gyaɗa da masara, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, kuma aka tabbatar tana haddasa kansar hanta.

Abin da take ci a jikin littafi

Kusan duk abin da aka haɗa littafi da shi abinci ne ga fumfuna. Takarda zaren tsiro ce. Littattafan zamani ana manne su da gam ko sitaci, a rufe bangonsu da ƙyalle. Tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar Hausa kuwa da yawansu an yi su ne a kan takardar da aka sarrafa a Italiya daga tsummoki, wadda masana ke ganewa da alamar jinjirin wata uku a jikinta, aka kuma kawo ta ta hanyar Tarabulus da Sahara. An rubuta su da tawadar da aka dama da ƙaro, an sa su cikin tadarishi, an zura a gafaka ta fata. Ƙaro da fata da maiƙon yatsun da suka yi shekaru suna buɗe shafi, duk suna ƙara mata abinci.

Ɓarnar tana farawa da tabo. Daga nan takarda ta yi laushi, ta rasa ƙarfi, shafuka su manne da juna, a ƙarshe ta marmashe in an taɓa. Tabon da fumfuna ta bari ba ya fita ko bayan ta mutu. Laimar da ta rayar da ita kuma ita ce ke gayyato gara da asu da kyankyasai, shi ya sa ba kasafai ake samun ɗaya daga cikinsu a ɗaki ba tare da sauran ba.

Laima ce linzaminta

Tunda ba a iya raba ɗaki da ƙwayoyin iri, ba a kuma iya raba littafi da takarda, abin da ya rage a hannun mutum shi ne laima. Ana auna laimar iska da kashi cikin 100. Masu adana littattafai sun daɗe da daidaita a kan cewa ƙasa da kashi 65 yawancin fumfuna ba ta tsira. A kashi 70 tana ɗaukar watanni kafin ta bayyana. In laima ta haura kashi 90, kwanaki kaɗan sun ishe ta. Littafin da ya jiƙe da ruwa a lokacin zafi kan fara fumfuna cikin sa'o'i 48 zuwa 72.

In aka ɗora wannan ma'auni a kan shekarar Kano, za a ga inda haɗarin yake. A hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20. Fumfuna ba ta girma a lokacin, amma hazon da iska ke ɗaukowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, yana shimfiɗa ƙura a kan kantoci, ƙurar kuma tana ɗauke da ƙwayoyin iri da abincinsu. Takarda da fata suna bushewa su yi tauri. Da damina ta kankama, musamman a marka ta watan Agusta, laimar takan zarce kashi 70 kwanaki a jere, da asuba ma ta fi haka. Abin da hunturu ya shuka a kan kanta, damina ce ke ba shi ruwa.

Ruwan sama a Jihar Kano yana ƙaruwa in an nufi kudu da kudu maso yamma. Rogo, wadda ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, tana cikin sassan da suka fi samun ruwa. Lokacin marka kuma ya zo daidai da dogon hutun makarantu. Ɗakin da aka tara littattafai a makaranta yakan kasance a kulle daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tagogi a rufe, babu mai leƙawa ya ga inda kwano ke yoyo. Watannin da fumfuna ta fi ƙarfi su ne watannin da babu kowa a ɗakin.

Darasin Timbuktu

Babu misalin da ya fi na ƙasar Mali nuna ƙarfin laima. Rubuce-rubucen Timbuktu sun yi ɗaruruwan shekaru a gidajen malamai, a garin da ruwan da yake samu a shekara bai kai milimita 200 ba. A 2012 ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka mamaye garin, a Janairun 2013 kuma aka ƙona rubuce-rubuce kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba. Kafin nan Abdel Kader Haidara da wasu iyalai masu ɗakunan karatu sun riga sun fara fitar da nasu a asirce cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale a kogin Neja, har aka kai sama da 300,000 Bamako.

A Bamako, inda ake samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, sai aka tarar da sabon abokin gaba. Takardun da suka tsira daga wuta suka fuskanci laima a cikin akwatunan da aka cushe su. Sai da aka nemi taimakon ƙasashen waje aka sayi na'urorin tsotse laima, aka yi wa littattafan kwalaye ɗaya bayan ɗaya, aka ɗauki hotunansu. A watan Agustan 2025 hukumomin Mali suka fara mayar da wani kaso Timbuktu. Abin lura ga mai karatu a nan shi ne, ta fuskar ruwan sama, Kano da Zariya da Kaduna sun fi kusa da Bamako fiye da Timbuktu.

Ambaliya kuma takan yi a dare ɗaya abin da laima ke yi a shekaru. A ranar 4 ga Nuwamban 1966 kogin Arno ya cika ya shiga birnin Fulorens na Italiya, ya jiƙa littattafai da takardu sama da miliyan ɗaya a babban laburaren ƙasa da ke can. Gwagwarmayar busar da su kafin fumfuna ta ci su ita ta haifar da yawancin dabarun ceton littattafai da ake amfani da su yau. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nuna cewa irin wannan ba labarin nesa ba ne ga biranen Arewa.

Abin da take yi wa jiki

Babban mutum yana shaƙar iska lita 10,000 ko fiye a kowace rana, kuma a cikinta akwai ɗaruruwan ƙwayoyin irin fumfuna. Mai ƙoshin lafiya jikinsa yana kawar da su ba tare da ya sani ba. Matsala tana zuwa ne in sun yi yawa, ko in jikin yana da rauni.

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan laima da fumfuna a cikin gine-gine. Ta tattara binciken da aka yi ta kuma kammala da cewa masu zama ko aiki a gini mai laima sun fi fuskantar tari da toshewar hanci da cututtukan numfashi, kuma asma ta fi tashi a cikinsu. Ma'aikacin laburaren da ke atishawa da ƙaiƙayin ido duk lokacin da ya shiga ɗakin tsofaffin jaridu, amma ya samu sauƙi a ranakun hutu, yana da dalilin zargin iskar ɗakin. Warin rima da hanci ke ji in an buɗe ƙofa sinadarai ne da fumfuna mai rai ke fitarwa. Matacciyar fumfuna ma tana tayar da borin jiki, don haka kashe ta kawai bai wadatar ba, sai an kwashe.

Haɗarin ya fi girma ga wasu rukunoni. Wanda ya taɓa yin tarin fuka yakan warke ya bar ramuka a huhu, Asfajilas kuma tana iya shiga ramin ta zauna, ta haifar da tari mai daɗewa da rama da tofar da jini. Alamun sun yi kama da na tarin fuka, har akan sake ɗora mutum a kan maganin da ba zai yi masa aiki ba. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya. Masu ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki, da masu shan maganin kansa, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, su ma cutar tana iya yi musu mummunan kamu. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'o'i 19 na wannan dangi da suka fi barazana ga ɗan Adam, ta sanya wani nau'in Asfajilas a cikin huɗun da ke sahun gaba.

Yadda ake auna iskar ɗaki

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe farantin gwaji mai ɗauke da abincin fumfuna a cikin ɗaki na wani ƙayyadadden lokaci, a rufe, a ajiye kwanaki, sannan a ƙirga ɗigon da suka tsiro a duba su a madubin likita. Hanya mafi inganci ita ce na'urar da ke zuƙo sanannen adadin iska ta buga shi a kan farantin, yadda za a iya lissafa yawan ƙwayoyin iri a kowace mita ɗaya ta faɗi da tsawo da tsayi. Sassan nazarin ƙananan halittu na jami'o'i suna da kayan yin gwajin farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yanka wani adadi ta ce daga nan haɗari ya fara ba, domin jikin mutane ya bambanta, adadin kuma yana sauyawa daga safe zuwa yamma. Masana sukan kwatanta iskar ciki da ta waje. In ta ciki ta fi yawan ƙwayoyin iri, ko ta ƙunshi nau'in da babu shi a waje, to akwai inda fumfuna ke girma a ɗakin. Shawarar hukumar ita ce, fumfunar da ido ya gani ko warin da hanci ya ji sun isa hujjar ɗaukar mataki ba tare da jiran sakamakon gwaji ba.

Laifin gini

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanyoyin ruwa a gini sanannu ne: kwano mai yoyo, silin da ya jiƙe ya yi baƙi, indararo da ya toshe, bututun banɗaki da ya fashe a cikin bango, da rimar da ke tasowa daga ƙasa. Ginin ƙasa na gargajiya yana da kaurin bango mai rage zafi, amma yana bukatar yaɓe kafin kowace damina, in aka yi sakaci soro ya sha ruwa.

Ginin zamani yana da tasa matsalar. An tsara manyan ɗakunan karatu da yawa da tagogin gilashi a kan zaton na'urar sanyaya ɗaki za ta yi aiki dare da rana. A inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, na'urar takan sanyaya bango da littattafai, in ta tsaya iska mai ɗumi da laima ta shigo ta yi raɓa a kansu, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ke gumi. Ɗakin da aka rufe ruf babu wuta ya fi zaure mai tagogi biyu haɗari.

Abin da ke cikin haɗari

Tarihin Arewa a rubuce yana warwatse ne a wurare ƙalilan. Akwai reshen Kaduna na ma'adanar tarihi ta ƙasa, mai riƙe da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa, ciki har da rahotannin gundumomi da na haraji da na iyakoki. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da hukumar tarihi da al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ɗakunan karatu na Jami'ar Bayero da na Kashim Ibrahim a Zariya. Bayan waɗannan akwai kundaye masu yawa a gidajen malamai da alƙalai da sarakuna, a birane da ƙauyuka, waɗanda kowanne sau da yawa shi kaɗai ne kwafinsa a duniya.

Waɗannan takardu suna da amfani har gobe. In rikicin gona ko na iyaka ko na sarauta ya kai gaban kotu ko kwamitin bincike, akan koma gare su. Fayil ɗin da ya ruɓe shaida ce da ta mutu.

An yi wasu ƙoƙari. A 2008 Michaelle Biddle, ƙwararriyar adana littattafai daga Jami'ar Wesleyan ta Amurka, ta zagaya ma'adanan rubuce-rubucen Arewa, daga baya ta yi aiki da ma'aikatan gida wajen gyara kundayen Modibbo Ahmadu Fufore a Yola. Shirin ceton takardu na babban laburaren Birtaniya ya ɗauki nauyin ɗaukar hotunan wasu takardu a Kano da Kaduna. Hoto yana tsare rubutun, amma ba ya gyara rufi, ba ya kuma tsabtace iskar da ma'aikaci ke shaƙa.

Rigakafi da ceto

Yawancin matakan ba su da tsada. A gyara rufi da indararo kafin ruwan farko. A ɗaga kanta daga ƙasa da kamar santimita 15, a janye ta daga bangon waje. Kada a cusa littattafai har iska ta kasa ratsawa. A share ƙurar hunturu kafin damina. A buɗe tagogi da rana in sama ta yi garau, a rufe da dare da lokacin ruwa, a kunna fanka in akwai. Ƙaramar na'urar auna laima da ake ratayewa a bango tana nuna ranar da aka haura kashi 65. A makaranta, a wakilta wanda zai riƙa buɗe ɗakin littattafai ko sau ɗaya a mako a lokacin hutu. Leda ba ma'aji ba ce: tana kulle laima tare da littafin.

In fumfuna ta riga ta bayyana, a ware littattafan da ta kama. A shanya su a inuwa mai iska, domin rana mai zafi tana koɗar da tawada ta kuma ƙona takarda. Sai sun bushe sarai sannan a goge su da burushi mai laushi a waje, da safar hannu da takunkumin da ke tace ƙananan ƙwayoyi. Kada a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a fesa maganin sauro ko bilic. Mai asma ko wanda ya taɓa yin tarin fuka bai kamata ya yi wannan aiki ba. Tsohon rubutun hannu da shafukansa suka manne kuwa a bar shi yadda yake, a nemi ma'aikatan ma'adanar tarihi.

Alhakin wa?

Ɗakunan karatu na jama'a a Kano suna ƙarƙashin hukumar laburare ta jiha. Na jami'o'i da kwalejoji suna samun tallafin asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa. Gine-ginen firamare suna tsakanin hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha da ƙananan hukumomi, waɗanda Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. A Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. A matakin tarayya kuwa, hedikwatar laburaren ƙasa da aka ba da kwangilarta a Abuja a 2006 ta shafe kusan shekara ashirin ba a kammala ba.

Sabon gini yana da ranar buɗewa da allon sunan wanda ya gina. Gyaran kwano ba shi da ko ɗaya, shi ya sa yake shan kaye a kasafin kuɗi. Matashin da ke bibiyar kasafi a Rogo ko Ƙaraye ko birnin Kano yana iya tambayar kansila ko ɗan majalisarsa abubuwa uku masu amsa a takarda: nawa aka ware wa gyaran ɗakunan karatu bana, nawa aka saki, kuma wane rufi aka gyara da su. Lokacin yin tambayar shi ne rani, domin aikin da ba a yi kafin watan Mayu ba, sai dai a tarar da sakamakonsa a Satumba in an buɗe ƙofa.